Kafin ka zuba kuɗinka a maganin ƙanjamau

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida, ya zauna a gefen tabarma, ya miƙo mini wayarsa. Shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasarsa, yana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, kuma Allah ya ba shi iya riƙe kuɗi. Ya tara 'yan dubbansa, yana neman inda zai sa su kada faɗuwar naira ta cinye su a zaune.

"Kawu, dubi wannan kamfanin," in ji shi. "A Amurka yake. Hannun jarinsa ko dala ɗaya bai kai ba. Sun ce sun kusa gama maganin da zai warkar da ƙanjamau gaba ɗaya, kafin nan kuma suna sayar da wasu ƙwayoyi na ganye masu ƙarfafa garkuwar jiki. Ranar da maganin ya fito, kowace dala ta zama ɗari."

Na karɓi wayar. Ga hoton wani mutum cikin farar rigar likita, ga koren ganye da raɓa a kansa, ga dogon bayani a kan miliyoyin da ke ɗauke da cutar a duniya. Na yi ta gangarawa ina neman abu ɗaya tak: mutum nawa aka gwada wa maganin, a wane asibiti, me aka gani a jikinsu. Har na kai ƙarshe ban same shi ba.

Ban yi wa yaron faɗa ba, domin tunaninsa bai tashi a banza ba. Akwai kuɗi a wannan harka, kuɗi na fitar hankali. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 sun nuna mutum miliyan 40.8 ke ɗauke da ƙwayar HIV, kuma fiye da miliyan 31 daga cikinsu na shan magani kullum, har ƙarshen rayuwa. Kamfanin Gilead na jihar Kaliforniya ya yi cinikin dala biliyan 13.4 a shekarar 2024 daga ƙwaya ɗaya kawai, wadda ake kira Biktarvy. Wanda ya ga irin wannan lissafi dole ransa ya biya.

Kuma ni ba na cikin masu ganin duk wata riba a kan magani haram ce. A watan Yunin 2024 aka sanar da sakamakon gwajin wata allura mai suna lenacapavir a Afirka ta Kudu da Uganda. Mata matasa fiye da 5,300 ne suka shiga. Daga cikin 2,134 da aka yi wa allurar, sau biyu kacal a shekara, ko mace ɗaya ba ta kamu ba. Ranar da na karanta labarin sai da na ajiye jaridar na yi shiru, domin na tuna zamanin da ake kiran cutar nan kabari-kusa, ana raɗa sunanta a ɗakin makoki. Allurar tana kama ɓawon da ƙwayar cutar ke ɓoye asalinta a ciki ne, ta hana shi buɗewa da rufewa yadda ya kamata, sai ƙwayar ta kasa hayayyafa. Shekaru masu yawa masana suka yi a kan wannan ɓawo kafin a kai ga haka, kuma da kuɗin masu hannun jari aka biya albashinsu. Wanda ya sa dukiyarsa a irin wannan aiki ya jira, ya cancanci ya ci.

Sai dai ɗan yayata nasarar ya gani, bai ga maƙabartar da ke bayanta ba.

Kowane sabon magani sai ya ƙetare matakai uku a jikin ɗan Adam. Da farko a ba mutane kaɗan, a ga ko yana cutarwa. Sai a ba wasu 'yan ɗaruruwa, a ga ko akwai alamar yana aiki da kuma yawan da ya dace. Daga nan a ba dubbai, a raba su gida biyu, wasu su sha shi wasu su sha wani abu daban, ba tare da likita ko majinyaci ya san wa aka ba me ba, sannan a ƙirga. A cikin magunguna goma da suka shiga matakin farko, kusan ɗaya ne ke isa kemis. Sauran taran sun tafi da kuɗin mutane. A fagen HIV kuwa abin ya fi haka tsanani. A watan Fabrairun 2003 kamfanin VaxGen ya sanar cewa rigakafinsa, wanda aka gwada a kan mutum kusan 5,400, bai kare kowa ba, kuma a yini ɗaya hannun jarinsa ya zubar da kusan rabin darajarsa. A 2007 Merck ya dakatar da nasa gwajin. A 2021 rigakafin Johnson & Johnson ya gaza a tsakanin mata kimanin 2,600 a kudancin Afirka, a farkon 2023 ɗan'uwansa ma ya bi shi. Merck da Johnson & Johnson giwaye ne, sun sha asarar sun wuce. Ƙaramin kamfani mai magani ɗaya tilo a hannu, idan ya faɗi da kai ya faɗi.

Dalilin wahalar yana cikin halin ƙwayar kanta. Tana sauya kamanni da sauri, ta yadda garkuwar da jiki ya haɗa mata yau ba lallai ta gane ta gobe ba. Sannan tana dasa asalinta a cikin ƙwayoyin garkuwar mutum, ta kwanta luf kamar iri a ƙasa lokacin rani. Magungunan da ake sha yanzu suna danne ta har a kasa ganinta a jini, mutum ya yi ƙiba, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, kuma ba ya sa wa matarsa. Amma da zarar ya daina sha, yawanci cikin 'yan makonni irin nan ya tsiro. Mutanen da aka tabbatar sun warke sarai a duk duniya 'yan ƙalilan ne, na farkonsu Timothy Ray Brown a birnin Berlin, kuma ta hanyar dashen ɓargo ne da aka yi musu saboda ciwon daji na jini, aikin da shi kansa yana iya kashe mutum. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya kusa warkar da ita, ya ɗauko babbar magana, sai ya kawo babbar hujja.

Akwai kuma waɗanda suka gane cewa labarin magani ya fi maganin saurin sayuwa. Kamfanin CytoDyn na jihar Washington ya daɗe yana tallata wani magani mai suna leronlimab. A watan Afrilun 2020 ya sanar cewa ya kammala miƙa takardun neman izini ga hukumar abinci da magunguna ta Amurka. Farashin hannun jari ya ɗaga, shugaban kamfanin, Nader Pourhassan, ya sayar da nasa na miliyoyin daloli. Bayan 'yan watanni hukumar ta ƙi ko karɓar takardun, domin ba su cika ba. A watan Disambar 2024 kotun tarayya ta same shi da laifin damfarar masu zuba jari. Malamanmu na fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa, suna kiransa najashi: ka zuga farashin kaya da ƙarya don wani ya faɗa. Galibin waɗanda suka faɗa ƙananan masu saye ne irin ɗan yayata, waɗanda suka karanta sanarwa a waya suka gaskata.

Yanzu ga koren ganyen nan mai raɓa, wanda shi ne ya fi damuna.

Me ya sa kamfanin da ke cewa yana binciken maganin HIV zai riƙa sayar da ƙwayoyin ƙarin kuzari a gefe? Saboda sauƙi. A Amurka, tun daga wata doka ta 1994, mai sayar da irin waɗannan kaya ba ya buƙatar nuna wa hukuma cewa suna aiki kafin ya kai su kasuwa. An dai hana shi cewa suna warkar da wata cuta takamaimai, shi ya sa za ka ga ana kewaye-kewaye da kalmomi irin "ƙarfafa garkuwa". Sai a jera wannan kalma kusa da sunan cuta mai karya garkuwar jiki, a bar mai karatu ya ƙulla sauran da kansa. A nan gida ma haka abin yake. Lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin kwalbar maganin gargajiya tana nufin an duba ba a ga guba a ciki ba. Ba ta ce yana maganin abin da aka rubuta ba, kuma hukumar tana sa a buga a jikin kwalbar cewa ba ta tantance iƙirarin ba. Wa ke karanta wannan ɗan ƙaramin rubutu? Mai mota da lasifika a tasha lambar kawai yake ɗagawa sama.

Na san inda wannan hanya ke kaiwa, domin na raka gawa daga cikinta. Wata 'yar uwarmu ce, bazawara, mijinta ya rasu ya bar ta da cutar da yarinya ɗaya. Shekara shida tana karɓar magani kyauta a asibiti. Takan ɓare takardar jikin robar tun kafin ta hau Adaidaita, ta juye ƙwayoyin a wani ƙullin leda, ta tura can ƙasan kwalla a bayan gado, don kada matan gida su gani. Jikinta ya yi kyau, tana sana'ar ɗinki, ba wanda zai kalle ta ya ce tana da wani abu. Abin da ke cinta a rai shi ne layin asibiti, kullum tana tsoron haɗuwa da idon sani. Sai wani manemi ya fito. A daidai lokacin aka haɗa ta da wani mai magani da ya ce wata uku kawai, ta shanye jarka huɗu, ta rabu da abin har abada, da sharaɗin ta ajiye na asibiti don kada su yi faɗa a ciki. Ta sayar da keken ɗinkinta ta biya. Da aka yi gwaji bayan 'yan makonni ba a ga ƙwayar a jini ba, saboda aikin shekara shidan nan bai gama sakinta ba, shi kuwa ya ce ga shi nan, ta warke. Ta yi sadaka. Kafin shekara ta zagayo tari ya kama ta, ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. Lokacin da aka mayar da ita asibiti, abin ya riga ya yi nisa.

Har yau idan na ji kalmar "ƙarfafa garkuwa" zoben nan nake gani. Kuma abin da nake so mai zuba jari ya fahimta shi ne, ribar irin wannan kasuwanci daga irin wannan mata take fitowa. Wanda yake shan maganinsa hankali kwance ba ya sayen jarka huɗu. Mai saye shi ne wanda tsangwama ta gajiyar, yake neman ƙofar fita.

An yi wannan a fili, da hannun hukuma, a wasu ƙasashe. A Afirka ta Kudu wani likita Bajamushe, Matthias Rath, mai kamfanin sayar da bitamin, ya shiga unguwar talakawa ta Khayelitsha a birnin Cape Town yana tallata cewa magungunan asibiti guba ne, a sha nasa. Sai a 2008 babbar kotu ta haramta gwaje-gwajensa da tallace-tallacensa. A zamanin nan ministar lafiya ta ƙasar, Manto Tshabalala-Msimang, tafarnuwa da lemon tsami take yabawa, shugaba Thabo Mbeki kuma yana shakkar ko HIV ce ke jawo ƙanjamau. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jinkirin raba magani tsakanin 2000 da 2005 ya jawo mutuwar fiye da mutum 330,000. A Gambiya, a watan Janairun 2007, Yahya Jammeh ya ce yana warkar da cutar da haɗin ganye, aka sa majinyata suka ajiye magungunansu, wasu suka mutu, waɗanda suka tsira suka ba da shaida bayan ya bar mulki.

Ko wanda bai ajiye maganinsa ba, ƙarin da ya sha na iya yi masa ɓarna a ɓoye. Wani bincike na shekarar 2000 ya nuna ganyen da Turawa ke kira St John's wort yana rage yawan maganin HIV mai suna indinavir a jini da fiye da rabi. Ƙwayoyin tafarnuwa sun yi wa saquinavir kusan haka. Wanda ya fi shafar mu shi ne dolutegravir, ɗaya daga cikin ukun da ke cikin ƙwayar da yawancin majinyata a Najeriya ke sha yanzu. Sinadaran ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi suna manne masa a ciki su hana jiki tsotsarsa, shi ya sa ake cewa a sha shi awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu, ko kuma a haɗa su tare da abinci. Mai ciki da ke shan maganin ƙarin jini tana buƙatar wannan bayani daga bakin ma'aikacin lafiya, kuma ba za ta same shi a tallar kamfani ba.

Kada wani ya ce na raina itatuwa. Na tashi a gidan da ake jiƙa sassaƙe, kuma na san maganin zazzaɓin cizon sauro mafi ƙarfi a yau daga wani ganye dangin tazargade aka ciro shi, aikin da ya ba Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. Amma ganyen nan ya bi layin gwaji kamar kowa. Wani ma ya bi ya faɗi. A dajin Korup na Kamaru an samu wata kurangar daji da sinadarinta ke hana HIV yaɗuwa a kwalbar ɗakin gwaji, aka yi ta murna, daga baya aka gano gubarsa ta yi yawa ga jiki, aka ajiye. Da a ce an ɗura shi a jarka an kai tasha, da ba mai ƙirga waɗanda ya kashe.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Niprisan, maganin sikila da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta haɗa daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, bisa ilimin wani mai maganin gargajiya. An gwada shi a kan majinyata, an ga yana rage tashin ciwon. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin yin sa, a 2006 ya fito kasuwa da sunan Nicosan, a 2008 kamfanin ya durƙushe da bashi. Maganin ya ɓace daga kemis na shekaru, masu sikila suka koma gidan jiya, masu hannun jari suka tashi hannu rabbana, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da May & Baker. Ga magani mai hujja, ga masu buƙata birjik, amma rashin iya tafiyar da kamfani ya kayar da shi. To ina ga wanda ko hujjar ma ba shi da ita?

Akwai wata tambaya da na yi wa ɗan yayata a daren nan, wadda ta sa ya yi jim. Na ce, idan ka sayi hannun jarin babban kamfani mai maganin gaske, me kake fata ya faru da farashin maganin? Mai hannun jari yana son ya hau. Ɗan'uwansa da ke layin asibiti yana son ya sauka. A 1987 da maganin AZT ya fito, kusan dala 10,000 ake sayar da na shekara. Har zuwa 2000 haɗin magani uku yana kusa da wannan farashi, Afirka tana binne mutanenta. A watan Fabrairun 2001 Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya ce zai bayar da na shekara a kan dala 350, ƙasa da dala ɗaya a yini, kuma daga nan ganuwar ta fara tsagewa. Yau ƙwayar da ake rabawa a asibitocinmu ba ta kai dala 45 a shekara ba. Lenacapavir ma haka: da aka amince da ita a matsayin rigakafi a Amurka a watan Yunin 2025 an sa mata dala 28,218 a shekara, amma Gilead ya ba kamfanoni shida na Indiya da Masar da Pakistan da Amurka izinin yin ta don ƙasashe 120, kuma an ƙulla yarjejeniyar da za ta kawo ta a kan dala 40 daga 2027. Cipla bai yi asara ba. Ya ci riba kaɗan-kaɗan a kan mutane masu yawa, kuma a ganina wannan ita ce ribar da mutum zai ci ya yi barci.

Ga kuma inda nake ganin kuɗinmu ya fi amfani. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Najeriya, kuma kusan duk maganinsu daga waje yake zuwa, akasari da kuɗin shirin PEPFAR na Amurka da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau. A watan Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙetare, hankalin majinyata ya tashi, gwamnatin tarayya ta yi gaggawar ware naira biliyan 4.8 don sayen magani. Mai kwana a tabarmar aro ke nan. Uganda tana da masana'antar Quality Chemical a Kampala da ke yin waɗannan magunguna, hannun jarinta yana kasuwar ƙasar. A 2025 Asusun Duniya ya fara sayen ƙwayar da kamfanin Universal na Kenya ya yi, ya kai Mozambik. Mu ma muna da kamfanonin magani a kasuwar hannun jari ta Legas, irin su Fidson da Neimeth da May & Baker, waɗanda mutum zai iya karanta rahoton kuɗinsu na shekara, ya je taron masu hannun jari ya ɗaga hannu ya yi tambaya. Ban ce a saya ido rufe ba, su ma suna fama da tsadar dala da wutar lantarki. Amma attajiran Kano da suka iya kafa masana'antar taliya da ta roba, ban ga abin da zai hana su haɗa ƙarfi a kan masana'antar magani mai cika sharuɗɗan Hukumar Lafiya ta Duniya ba, ko su ɗauki nauyin gwajin gaskiya a kan itatuwanmu a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a san wanda ke aiki da wanda ke ci da hanta.

Kafin mu tashi na sa yaron ya buɗe rajistar gwaje-gwajen magunguna ta gwamnatin Amurka, wadda kowa ke iya dubawa kyauta a intanet, ya rubuta sunan maganin kamfanin nasa. Ba abin da ya fito. Ya sake rubuta sunan kamfanin, nan ma shiru. Sai muka nemo rahoton kuɗinsu na shekara, ya karanta a hankali yana fassara mini: kuɗin da ya rage musu ba zai kai su shekara ba, abin da suka kashe a talla da albashin shugabanni ya ninka na bincike, kuma kusan duk cinikinsu na ƙwayoyin ganyen nan ne.

Ya kashe wayar ya sa a aljihu. Can ya ce, "Kawu, yarinyar da marigayiya ta bari, ita ma tana da shi?"

Na ce masa a'a. Uwarta tana kan magani lokacin da take da cikinta, har ta yaye ta. An gwada ta sau uku, lafiyarta ƙalau, bana ma take shiga aji uku na ƙaramar sakandare.